Daga "Gobe" Zuwa "Yau": Kari, Amsa-amo da Maimaitawa a Waƙar Neman Gyaran Hali

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman Hausa na makarantun firamare daga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum)

 



An umurce ni da in yi magana a kan abubuwa uku da kowane malamin Hausa ya haɗu da su a kwaleji, wato kari da amsa-amo da maimaitawa. Na zaɓi in ɗora maganar a kan irin waƙar da mutum yake fuskantar kansa a cikinta, yana neman ya gyara halinsa. Dalilina shi ne a irin wannan waƙa ne aka fi ganin cewa waɗannan abubuwa uku suna ɗauke da saƙo, kamar yadda kalmomi suke ɗauke da shi. Wanda ya koyar da su a matsayin ma'anonin da ake haddacewa don jarrabawa, ya bai wa yaro kwarya ya riƙe furar.

Tushen abin a ƙasarmu

Waƙar gargaɗi ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a wannan ƙasa a shekarun 1780, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati, kuma waƙa tana cikin manyan kayan aikin jama'arsa. Malam Muhammadu Tukur, wanda ake danganta wa waƙar Baƙin Mari, a Matuzgi ya zauna, nan kusa da Talatar Mafara. Waƙar Tabban Haƙiƙan kuwa hannu uku ta bi: Shehu ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Kalmomin da aka sa mata suna da su, su ne suke dawowa a ƙarshen kowane baiti. Nana Asma'u ta san abin da take yi da ta riƙa bai wa jajoji waƙoƙi su kai wa mata a ƙauyuka. Abin da aka ɗaure da kari da amsa-amo yakan zauna a ka, ko babu takarda.

A ƙarni na 20 Malam Aliyu Namangi na Zariya ya tsara waƙoƙin Imfiraji, alhali makaho ne. Da kunne ya auna su, da kunne kuma almajirai da mabarata suka ɗauke su suka zaga ƙasar Hausa. Wannan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa kari abin ji ne kafin ya zama abin zanawa a allo.

Mafi yawan waƙoƙin gargaɗi da "ku" suke magana: malami yana tsaye, jama'a suna zaune. Amma akwai wani reshe da yake magana da "ni", inda mawaƙi yake zama shi ne mai wa'azi, shi ne kuma wanda ake yi wa. Wannan reshe ba mu kaɗai muke da shi ba. Turawa suna da wani zubin waƙa da suke kira sonet, wanda ya samo asali a Italiya a ƙarni na 13, mai ɗango 14 ba ƙari ba ragi. A zubin Italiyawa ana raba ta gida biyu, ɗango takwas na farko su kawo damuwa, shida na ƙarshe su kawo juyi. Shakespeare na Ingila yana da irinta 154 da aka buga a 1609, shi kuma John Donne, wanda ya rasu a 1631, ya yi amfani da ita wajen kai kukan tubarsa ga Ubangiji. Abin da za mu ɗauka daga gare su ɗaya ne: waƙar neman gyara tana bukatar mahaɗa, wurin da magana take juyawa.

Waƙar da za mu feɗe

Domin kada mu yi ta magana a iska, na tsara wata gajeriyar waƙa saboda wannan zama. 'Yar tagwai ce, wato ƙwar biyu, baiti bakwai, ɗango 14. Mai magana a cikinta wani mutum ne da ya ɗauki halinsa kamar gonar da ciyawa ta ci. Ga ta:

Halina nake son na gyara da kaina,
Kamar mai fita don ya nome ciyawa.

Da hantsi na ce gobe zan je ga aiki,
Dare yai, na ce gobe ba ta ɓacewa.

Ruwa ya zubo, damina ta yi nisa,
Ina nan da goben da ba ta isowa.

Maƙwabta suna kai hatsi can ga rumbu,
Ina kai nadama da tarin gazawa.

Ashe furfura ta fito ban kula ba,
Tana yin kira ne na ranar kushewa.

A yau za ni gona, a yau zan yi noma,
Da kunya da kunya na kai ga gamawa.

Ilahi riƙa min, halina na gyara,
Ka sa yau ta zam wadda ba ta wucewa.

Kari

Ilimin auna waƙa, wato aruli, Halilu ɗan Ahmadu ne ya tsara shi a Basra a ƙarni na 8. Ya fitar da bahari 15, ɗalibinsa Ahfashu ya ƙara na 16, wanda ake kira mutadarak. Abin da ya sa wannan ma'auni ya zauna wa Hausa daram shi ne harsunan biyu duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Marigayi Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi bayanin wannan dangantaka a wata maƙala da ya buga a 1975, ya kamanta ta da aure. Turanci ba haka yake ba, shi ƙarfin furuci yake ƙirgawa, shi ya sa ba a auna waƙarmu da mudunsu.

Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ga". Mai nauyi kuwa iri biyu ce: ko dai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "so" da "kai", ko kuma gaɓar da baƙi ya rufe, kamar "zan" da "don". A allo mukan sa wa marar nauyi alamar v, mai nauyi kuma alamar –.

Waƙarmu a bisa mutaƙarabi take. Ƙafarsa ita ce fa'uulun, gaɓa ɗaya marar nauyi sai biyu masu nauyi, kuma kowane ɗango yana da irin wannan ƙafa huɗu, gaɓa 12 ke nan. Mu yanka ɗango na farko:

Ha-li-na / na-ke-son / na-gya-ra / da-kai-na
v – – / v – – / v – – / v – –

Wahalar da malami zai fara cin karo da ita ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. "Li" da ke cikin "halina" doguwa ce, "ha" gajera, amma a takarda babu abin da ya raba su. Saboda haka ido ba zai yi wannan aiki ba, sai baki da kunne. A nan masu rubutun ajami sun fi mu sauƙi, domin su suna ja wa dogon wasali alifi ko wawu ko ya.

To, me kari ya ƙara wa jigon waƙar? Mu saurari tafiyarsa: ɗaga, sara, ja, ɗaga, sara, ja. Bugu ne mai dawowa ba gaggawa, irin na mai riƙe da kalme a tsakiyar gona. Mai maganar yana kuka da rashin tsayuwa a kan abu ɗaya, amma muryarsa tun daga ɗangon farko a ɗaure take da doka. Ƙafa 56 ya taka a waƙar, kowace a gurbinta. Wato horon da yake nema wa halinsa ya riga ya fara shi a harshensa. Mutumin da zai iya tilasta wa kalmominsa bin ma'auni, akwai fatan zai iya tilasta wa ƙafarsa bin hanyar gona.

Ku duba kuma yadda kalmar "gobe" ta faɗa a baiti na biyu:

Da-han-tsi / na-ce-go / be-zan-je / ga-ai-ki

Kalmar ta rabu biyu, "go" a ƙarshen wata ƙafa, "be" a farkon wata. Haka ta rabu a ɗango na huɗu ma. Ba ta da gida nata, kullum tana tsallaka iyaka, kamar yadda goben mai kasala take. "Yau" kuwa gaɓa ɗaya ce tak mai nauyi, ba ta tsaguwa. Idan ta zo a baiti na shida, sai ka ji ta faɗo kamar dutse a rijiya.

Akwai wuri ɗaya da ƙafa ta sauya. A ɗango na 12, ƙafa ta uku ita ce "na-kai-ga", wato v – v, domin "ga" gajera ce. Wannan shi ake kira zihafi, sassauci ne da aruli ya yarda da shi, ba karaya ba ce. Mai rerawa zai ji ɗan saurin da ya shiga wurin, bai kuwa ɓata tafiyar ba. Yana da kyau yara su san cewa doka tana da ɗaki na sassauci, amma sassaucin ma da ƙa'idarsa.

Sai wata magana da ta shafe mu musamman, mu mutanen yamma. Harshen da yaranmu suke zuwa da shi daga gida ba daidai yake da daidaitacciyar Hausa ba, kuma bambancin yakan taɓa kari. Wani lokaci babu asara: "hula" da "hulla", "kasuwa" da "kassuwa", duk gaɓar farko mai nauyi ce, ko da dogon wasali ko da ɗaurin baƙi. Amma "muka" gaɓa biyu ce marasa nauyi, "munka" kuwa ta farko mai nauyi ce. "Da ya tafi" da "da yat tahi" ba awo ɗaya ba ne. Idan yaron Gummi ya karanta ɗango na uku da harshen gida ya ce "Da hantsi nic ce", ya sa nauyi a inda ake son sauƙi, ƙafar ta karye. Haka in ya ce "son in gyara" a maimakon "son na gyara". Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi ɓarna: a ɗauko tsohuwar waƙar da malaman Sakkwato ko Gwandu suka tsara da "munka" da "sunka", a ce za a daidaita mata rubutu, a mayar da su "muka" da "suka", sai waƙar ta gurgunce. Saboda haka waƙa da harshen da aka tsara ta ake karanta ta. Kada mu doki yaro don ya ce "munka". Mu nuna masa cewa yana riƙe da mabuɗin da zai buɗe masa waƙoƙin ƙarni na 19, wanda takwaransa na wani wuri sai ya koya.

Amsa-amo

Amsa-amo, ko ƙafiya, shi ne sautin da ɗangaye suke ƙarewa da shi. A waƙa mai ƙwar huɗu ko biyar akan sami ƙarami, wanda yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babba, wanda yake riƙe waƙar daga farko har ƙarshe. A 'yar tagwai irin tamu babban kaɗai ake bukata, a ƙarshen ɗango na biyu. Kunnen yaranmu ya saba da wannan tun kafin su zo aji: Burda da harafin mimun take ƙarewa tun daga farko har ƙarshe, Ishiriniya kuma kowane kashi nata yana da harafinsa.

Namu amsa-amon "wa" ne: ciyawa, ɓacewa, isowa, gazawa, kushewa, gamawa, wucewa. Mu jera su a allo, mu tambayi kanmu wace irin kalma ce kowace. Biyar daga cikinsu sunayen aiki ne, irin waɗanda suke biyo bayan "ina" da "tana" da "ba ta", wato aikin da yake gudana bai yanke ba. Wannan ya dace da mutumin da yake cikin hali bai fita ba tukuna. Biyu ne kawai sunayen abubuwa, ciyawa da kushewa. Ta farko ita ce matsalarsa, ta biyu ita ce wa'adinsa. Duk sauran motsin waƙar a tsakanin waɗannan turaku biyu yake. Yaro ɗan aji shida zai iya gano wannan da kansa idan aka jera masa kalmomin, kuma a lokaci guda ya koyi darasin nahawu ba tare da an kira shi da sunan ba.

Akwai wani abu kuma da amsa-amo yake yi a waƙar tuba wanda ya wuce ado. Asalin kalmar tuba a Larabci komawa take nufi. Amsa-amo shi ma komawa ne. Ɗangon farko na kowane baiti yakan fita yawo, ya ƙare da "aiki" ko "nisa" ko "rumbu", babu mai kama da wani. Ɗango na biyu sai ya dawo gida, ya sauka a kan "wa". Fita da dawowa, sau bakwai. Mai sauraro tun daga baiti na biyu ya san inda za a sauka, yana jira, idan aka sauka sai ya ji daɗi a ransa. Wannan jiran da wannan saukar su ne siffar tuba a cikin sauti. Ko da yaro bai san fassarar kalmar ba, kunnensa ya ɗanɗani abin.

Shi ya sa zaɓen amsa-amo ba abin wasa ba ne ga mai tsara waƙa. Wanda ya zaɓi "ba" ta korewa ya ɗaure kansa da yin hani da kore a ƙarshen kowane baiti. Wanda ya zaɓi "na" ta mallaka zai yi ta komawa kan kansa, halina, laifina, raina. Sautin da ka zaɓa shi zai ja akalar tunaninka.

Maimaitawa

Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suna kiran maimaita kalma don ƙarfafa ma'ana jaddadar ƙarfafawa. A waƙar baka mun fi saninta da amshi, wanda 'yan amshi suke dawo da shi bayan kowane ɗa, kamar yadda muke ji a waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. A waƙar neman gyara maimaitawa tana da fuska biyu, domin mugun hali maimaitawa ne, gyaransa ma maimaitawa ne.

Mu ƙirga. "Gobe" ta zo sau uku, duk a baiti na biyu da na uku. "Yau" ta zo sau uku, duk a baiti na shida da na bakwai. Ba su taɓa haɗuwa a baiti ɗaya ba. Tsakaninsu akwai baiti na huɗu, inda nadama ta cika, da na biyar, wanda ya buɗe da "ashe". Wannan "ashe" ita ce mahaɗar waƙar, kalmar wanda ya farka. Ta faɗo a ɗango na tara, daidai inda sonet ɗin Italiyawa take juyawa. Daga nan "gobe" ba ta sake fitowa ba. Waƙar ba ta ce mana mutumin ya daina jinkiri ba, cire kalmar kawai ta yi daga bakinsa, muka gane.

Sai "ba ta", wadda ita ma ta zo sau uku, kowane zuwa da ma'anarsa. "Gobe ba ta ɓacewa" uzuri ne, yaudarar kai. "Goben da ba ta isowa" gane gaskiya ne, uzurin ya tone. "Wadda ba ta wucewa" addu'a ce, yana roƙon ƙudurin yau ya zauna ya zama ɗabi'a. Ginin jimla ɗaya, amma ya tashi daga ƙarya, ya bi ta gaskiya, ya ƙare a roƙo. Wannan shi ne bambancin maimaitawa mai rai da ta cika baiti: mai rai ba ta dawowa yadda ta tafi.

A baiti na huɗu "kai" ta zo sau biyu, maƙwabta suna kai hatsi, shi yana kai nadama. Aiki ɗaya, kaya daban. A na shida kuma "da kunya da kunya" tana da baki biyu. Akwai kunyar gona, wadda muke ce wa kuyya a nan, wato aikin a bi shi layi bayan layi. Akwai kuma kunyar fuska, ta mutumin da ya fito noma bayan kowa ya yi girbi. Duka biyun gaskiya ne game da mai tuba.

Maimaitawar da ta fi kowace nauyi ita ce ta farko da ta ƙarshe. Ɗango na 1 ya ce zai gyara halinsa "da kaina". Ɗango na 13 ya dawo da kalmomin nan biyu, "halina" da "na gyara", amma "da kaina" ta faɗi, "Ilahi riƙa min" ta maye gurbinta. Duk tafiyar waƙar ke nan a taƙaice. Ya fara da dogaro da ƙarfinsa, ya ƙare da sanin cewa sai an riƙa masa. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san sharuɗɗan tuba: nadama a kan abin da ya wuce, barin laifin nan take, da ƙudurin ƙin komawa. Ya kuma san littafin ya hana jinkirta ta. Nadama tana baiti na huɗu, bari da ƙuduri suna na shida, jinkirin da aka hana kuwa shi ne "gobe".

Yadda za a kai wannan aji

Kada a fara da ma'ana, kada a fara da sunan bahari. Yaron firamare ba ya bukatar jin kalmar mutaƙarabi. A fara da rerawa, malami ya rera baiti, yara su amsa, har ya zauna. Sannan a sa tafi: ɗan taɓi a kan gajera, cikakken tafi a kan doguwa. 'Yan matan da suke gaɗa da dare, da waɗanda suke jin luguden iyayensu a turmi, ba za su sha wahala ba, sau da yawa ma su za su gyara wa maza.

Bayan haka a ba su kalmomin da suke cika ƙafa ɗaya, kamar manomi, kasala, nadama, ciyawa, a ce su kawo irinsu. Sai a karanta musu ɗango da gangan a karye, misali a ce "Maƙwabta suna kai gero can ga rumbu", a tambaye su inda ƙafa ta yi tuntuɓe. Za su nuna "gero", domin gaɓarta ta farko doguwa ce inda "hatsi" take da gajera. Yaron da ya iya jin wannan bambanci ya sami abin da zai taimake shi a karatu gaba ɗaya, domin rarrabe gaɓa shi ne tsanin farko na iya karatu. A ƙarshe a rufe kalmar ƙarshe ta baiti, a bar su su cika da wata mai "wa". Daga nan kowa ya gwada baiti ɗaya a kan halin da yake so ya bari, ko makara, ko faɗa, ko ƙarya. Ba a tilasta wa kowa karanta nasa a gaban aji, domin tuba ba tonon asiri ba ce.

Wannan darasi ba ya cin kuɗi. Ba ya bukatar littafi ga kowane yaro, ba ya bukatar wutar lantarki. Mun ga yadda aka rufe makarantun jihar nan a 2021 saboda rashin tsaro, kuma har yau a azuzuwanmu akwai yaran da suka baro ƙauyukansu ba su ɗauko ko allo ba. Littafi yakan ƙone, yakan jiƙe, akan gudu a bar shi. Baitin da yaro ya haddace yana tafiya da shi duk inda ƙafarsa ta kai shi. Dabarar da Nana Asma'u ta yi wa matan karkara ita ce har yanzu ta fi dacewa da halin da muke ciki.

Kammalawa

'Yan'uwa, babu wanda ya san ɗacin "gobe" kamar malamin firamare. An sha ce mana gobe a kan ƙarin girma, gobe a kan ariyas, gobe a kan rufin aji da kujeru. Ƙungiyarmu tana da haƙƙin ta ci gaba da cewa yau muke so, kuma kada ta gaji. Amma yaron da yake aji uku bana ba zai sake zama a aji uku ba. Daminarsa ɗaya ce. Idan ta wuce bai iya haɗa baƙi da wasali ba, babu ariyas ɗin da za a biya shi. Saboda haka mu nemi haƙƙinmu da murya ɗaya, mu kuma tsare nasa haƙƙin da hannu biyu, kada "goben" da ake yi mana ta gangara ta faɗa kansa.

Ina roƙon kowane malami da ke nan ya gwada wannan darasi sau ɗaya kafin ƙarshen zangon nan, da wannan waƙa ko da wadda ya tsara da kansa, ya kuma aiko wa wannan mujalla tamu da baitocin da yaransa suka yi, domin mu ga abin da Anka da Gummi da Bukkuyum za su fitar.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya sa albarka a cikin aikinmu da yaranmu.